Gurjiyar Inna a Gonar Makaranta

Kafin Dafga,
20 ga Yuli, 1989.

Zuwa ga Safara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Goggo? Gwadabe direba ya ce mai ɗori ya sake duba ƙugun nata, ya ce ƙashin ya fara kamawa, sai dai na manya ba ya sauri. Allah Ya ƙara sauƙi, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Yaya kuka yi Sallah a Gwangwan? Ke kuma Ruƙayyatu, na san ke ce za ki karanta wa babarki wannan, to ki karanta yadda na rubuta. Kada ki ƙara gishiri, kada kuma ki tsallake inda bai yi miki daɗi ba.

Mu nan lafiya lau. Matar ɗanmu Ɗayyabu tana aiko mini da tuwo a kan lokaci. Miyarta ba ta da laifi, sai dai yarinyar tana tsoron daddawa. Jar akuyarki ta haifi biyu, duk mata.

Labarin da ke akwai shi ne na koma aiki. Kada ki ce tsohon nan ya ruɗe. Bayan Sallah da kwana biyu Malam Ƙasimu, hedimastan firamarenmu, ya same ni a gindin dalbejiya inda nake zaman fanshona. Ya ce akwai darasin noma a aji biyar, amma malamin da ke koyar da shi ɗan birni ne, ran nan ya zana fartanya a allo yara suka ce ludayi ne. Ya ce ga mutum ya yi shekara talatin da ɗaya yana malamin gona, ya koya wa rabin ƙasar Karaye noman gyaɗa da auduga, yanzu ba shi da aiki sai ƙirga masu wucewa. Na so in ja aji, amma kin san ni, kafin ya rufe baki na tashi neman takalmi.

Yara arba'in ne, maza ashirin da tara, mata sha ɗaya. Dukkansu 'ya'yan manoma ne, kowa ya san nauyin fartanya, amma na tambaye su don me ake shuka a kan kunya, suka ce don Baba ya ce. Wani mai manyan kunnuwa, Sulle, ya miƙe ya ce shi fa an sa shi makaranta ne don ya rabu da gona, akawu zai zama, yanzu kuma ga gonar ta biyo shi har aji. Na ce masa akawu ma da tuwo yake kwana. Na yi musu alkawari cewa ranar da muka cire abin da muka shuka, a nan makaranta za a ɗora tukunya, kowa ya ci har ya ture. Nan fa aji ya ɗauki sowa.

Sai maganar abin shukawa. Lokacin gero da dawa ya wuce, na gyaɗa ma ya kusa fita. Wake kuwa sai da feshi, makaranta ba ta da abin feshi. Abin da ya rage shi ne gurjiya, wadda ba ta damu da a makara ba.

To, ga maganar da nake ta kewayawa tun farkon takarda. Ruƙayyatu, ki duba ko babarki a zaune take.

Na buɗe tukunyar nan da kika liƙe da laka a ƙarƙashin gado. Na tuna sarai abin da kika ce ranar tafiyarki, cewa kada a taɓa, tunda bana ba za ki samu shuka ba sai baɗi. Na san irin gurjiyar Inna mahaifiyarki ne, Allah Ya jiƙanta, farar nan mai zanen ja a bakin ido, wadda ta ƙulla miki a gefen zane shekarar da aka kawo ki gidan nan. Na kuma san tun shekarar fari babu sauran mai irinta, har Goggo da suka fito ciki ɗaya da Inna. Amma ki saurari hujjata. Iri in ya tsallake damina ba a shuka shi ba, ƙarfinsa raguwa yake yi, wannan a littafi yake. Na ce da ya zauna cikin toka yana tsufa kamar ni, gara ya shiga ƙasa ya yi aiki. Yara suka ɓare, ta ba da kwano uku cif, muka shuka ranar Talata. Ban rage ko ƙwaya ɗaya ba.

Kada hankalinki ya tashi. Kwano uku na ɗauka, buhu za ki zo ki tarar. A hannun gwani take.

Ki gaishe da Goggo da kyau, da mijin Ruƙayyatu da yaransu. Allah Ya sada mu da alheri.

Naki,
Abdulsalami.


Kafin Dafga,
29 ga Agusta, 1989.

Zuwa ga Safara'u,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarki da jikin Goggo. An ce ta fara zama da kanta in an jingina mata matashi. Alhamdu lillahi. Yaya ruwa a wajenku? Mu nan ya yi yawa har katangar bayan gida ta zube kaɗan, Ɗayyabu ya tokare ta.

Na zaci zan samu takarda, sai Gwadabe ya kawo mini saƙon baki. Ya ce bayan an gama karanta miki kin ce a tambaye ni abu ɗaya, wai a wace irin ƙasa na shuka. Na ji daɗin tambayar, don mai fushi ba ya tambayar ƙasa. Ga amsa, kuma za ki yi murna.

Akwai fili a bayan azuzuwa inda shanun Hammawa makiyayi suka kwana rani guda cur. Ƙasar baƙa wuluk, in kin damƙa kamar garin kuka, ko Sarkin Noma ba shi da irinta. Nan na zaɓar wa gurjiyar Inna. Ban tsaya nan ba, na kawo ragowar takin zamanina rabin buhu na ƙara mata. Muka ja igiya, muka yi kunya ashirin miƙaƙƙu, kowane rami da ɗan'uwansa tsawon ƙafar yaro ɗaya. Da na ce kowa ya kama kunyarsa, mazan suka ruga suka cinye tsakiya inda taki ya fi yawa. 'Yan matan suka tashi da kunya huɗu na can gefe, wajen hanyar rijiya, inda shanun ba su kai ba, jigawa ce fara fat. Takin zamanin ma kafin a zo kansu ya ƙare. Na ba su haƙuri, na ce ko ba su samu komai ba za su ci daga na mazan.

Safara'u, da za ki ga gonar nan. Ganye ya haɗe, kore shar, ya kusa kai gwiwata. Shekara nawa ina ganin gurjiyarki a 'yar gayaunarki ta bayan gida, ban taɓa ganin ta yi rabin wannan ba. Masu zuwa kasuwa har tsayawa suke yi. Malam Ƙasimu ya ce in baƙi sun zo duba makaranta, can zai fara kai su kafin ofis.

Yaran kuwa sun ba ni mamaki. An yi hutu, amma Talata da Asabar ba sa fashi. Kowa yana da kara da yake auna tsawon shukarsa, ya rubuta a bayan littafi. Na tone musu tsiro ɗaya suka ga yadda ƙwaya ke tsagewa, saiwa ta yi ƙasa, ganye ya yi sama. Sun koyi bambanta ciyawa da shuka tun tana kunne biyu, sun san dalilin noman firi da na maimai. Sulle akawu shi ne yanzu ke riga kowa zuwa. Ya sa wa kunyarsa suna Ofis, wai kada kowa ya shiga sai da izini. Rabon da in yi dariya irin ta bana har na manta.

Abu ɗaya ne ya ɗan ɓata mini rai. Shuka ta fara fure, sai na tarar da 'yan matan sun durƙusa suna tura ƙasa a gindin tasu da hannu, har suna binne furen. Na tsawatar. Na ce gyaɗa in ta fara fure ba a taɓa gindinta, kuma gurjiya ƙanwar gyaɗa ce. Monitarsu, Zaituna, jikar Iya Mariya mai ƙosan bakin makaranta, ta ce kakarta ce ta ce a yi. Na ce ta je ta tambayi kakar tata a wace makarantar aikin gona ta yi karatu. Washegari Iya Mariya ta leƙo gonar, ta dubi ganyen mazan, ta dube ni, ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta ce in na rubuta takarda in gaishe ki da haƙuri. Tsufa dai ba ya zuwa wa kowa iri ɗaya.

Na so in zo duba Goggo, amma gwiwar nan ta hana ni hawa keke, ga rafi ya cika. In ruwa ya ja zan zo.

Ki gaishe da kowa da kowa. Ki riƙa cin abinci, na san halinki in kina jinya.

Naki,
Abdulsalami.


Kafin Dafga,
2 ga Oktoba, 1989.

Zuwa ga Safara'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, Goggo kuma tana samun sauƙi. Ni lafiyar jiki dai akwai ta.

Ruƙayyatu, wannan takardar ki karanta ta a hankali, in kin ga dama ki kori yara waje.

Gwadabe ya faɗa mini yadda aka yi. Ya ce da aka zo wajen shanun Hammawa kin yi salati, da aka zo wajen takin zamani kin tashi kin shiga ɗaki. Ya ce sai da ya tada mota kika aiko a ce mini in tumɓuke guda ɗaya daga tsakiya in duba. Na yi kwana tara ina ɗaga wannan aiki, kullum da dalilina. Ranar Alhamis bayan an tashi yara na je ni kaɗai, na zaɓi wadda ta fi kowace kyau a kunyar Sulle, na cire.

Babu komai, Safara'u. Saiwa ce kawai da 'yan ƙulli uku kamar idon kifi, na matsa ɗaya ya fashe da ruwa. Na cire ta biyu, na cire ta biyar. Na zauna a kan kunya, ga ganye har gwiwa ko'ina, kyakkyawa, ba abin da ke ƙarƙashinsa.

Daga nan sai na nufi gidan Iya Mariya. Ta bar ni a tsaye a zaure har ta gama tankaɗe, sannan ta fito ta ce a'a, yau manyan makaranta ne a gidan jahilai? Na ce na zo ɗaukar karatu. Ta ce ai ba ta da allo. Sai da ta gama wasa da ni son ranta ta yi mini bayani. Ta ce gurjiya ba ta son gata. In ka ba ta ƙasa mai ƙarfi sai ta ƙoshi ta manta da haihuwa, ta yi ta ado da ganye. Wai shi ya sa tun kakanni maza ke ɗaukar gona mai kyau su bar wa mata jigawa, matan kuma suka samo abin da ke son jigawar. Ta ce kuma in ta yi fure dole a tura mata ƙasa, don ita ba ta iya cusa 'ya'yanta ƙasa da ƙarfi kamar gyaɗa, sai an rufa mata. Ta ce ko yarinyar da ba ta fara ɗaura zane ba ta san wannan, amma ba a rubuta shi a littafin Turawa ba, don ba a kai gurjiya kanti a auna kamar gyaɗa. Ta tambaye ni, shekara nawa ina kwana ɗaki ɗaya da mai gurjiya ban taɓa tambaya ba?

Wannan tambayar ita ta fi yi mini zafi, don gaskiya ce. Na tuna sau nawa na kawo miki taki har gayaunarki kina cewa in kai gonar dawa. Ni a zatona tattali ne irin naki, kina so ki bar mini. Har na taɓa ba abokan aiki labarinki, na ce matar malamin gona ce amma ba ta yarda da taki ba, muka yi dariya. Shekara talatin da takwas kina shuka abin nan a bayan ɗakina, ina wucewa ta gefenki da littafi a hammata zan je koya wa mutane noma.

Na ce wa Iya Mariya to shi ke nan, na kashe irin Inna. Ta ce in je in tona na 'yan mata tukuna. Na ce ai na hana su tura ƙasa. Ta ce na hana su a gabana dai. Ashe kunyoyinsu da ke kan hanyar rijiya, duk wadda aka aika ɗiban ruwa sai ta ajiye tulu ta tura ƙasa da tafin hannu, ta share sawunta, ta wuce. Wata guda suna yi, ni ina can tsakiya ina auna ganye da kara.

Na koma na durƙusa a kunyar Zaituna. Shukar 'yar guntuwa, ganyen har ya fara ja. Ban cire ba, yatsa na sa na tona gefe. Na taɓa ɗaya, na taɓa biyu, na taɓa shida, masu tauri. Na mai da ƙasar na rufe kamar yadda na gani sun yi. Ba zan ɓoye miki ba, na yi hawaye, kuma Allah Ya taimake ni babu mai zuwa rijiya a lokacin.

Yanzu irin Inna duk duniya yana cikin kunya huɗu, ɗaya ma masu wucewa sun tattake rabinta. Na sa an kewaye su da ƙaya. Na kai tabarmata can, daga hantsi har la'asar ina korar awaki, har da jar akuyarki, wadda ba ta san ni ba a wannan wurin. Ban san nawa za a samu ba, kuma na daina yi miki alkawarin buhu.

Ban ce ki yafe mini yanzu ba. Na dai ce ki sani.

Ki gaishe da Goggo. Kada a gaya mata tukuna.

Naki,
Abdulsalami.


Kafin Dafga,
7 ga Nuwamba, 1989.

Zuwa ga Safara'u,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kuna lafiya. Na ji an ce Goggo ta taka har bakin ƙofa da sanda. Allah Ya ƙara ƙarfi. Ban samu saƙonki ba wannan karon, ko na baki, kuma ban yi ƙorafi ba.

Jiya muka cire gurjiya. Ni na manta da alkawarin da na yi wa yara a watan Yuli, su ba su manta ba. Ina isowa makaranta na tarar da kowane yaro ya zo da itace ɗaya ɗaya, an aro babbar tukunyar Iya Mariya, an kafa murhu a gindin mangwaro, har da mai kawo gishiri a ƙullin takarda. Malam Ƙasimu ya ba da awa biyu na ƙarshe.

Muka fara da na maza. Tun ana cira da waƙa har aka koma cira shiru. Kunya sha shida, abin da aka tsinta bai cika ƙwarya ɗaya ba, shi ma yawanci bai ƙosa ba. Sulle ya cire Ofis tun daga farko har ƙarshe, ya samu goma sha ɗaya, ya tsaya yana kallona, kunnuwan nan sun yi ja. Sannan aka zo na 'yan mata. Duk wadda aka ɗaga sai ta fito da 'ya'ya jingim, ƙasa na zuba. 'Yan matan suka yi ta guɗa, mazan suka manta da fushi suka zo taya su, aka tara a kan tabarma. Na ɓare ɗaya. Fara ce, da zanen janta a bakin ido.

Sai yara arba'in suka kewaye tabarma, ruwa na tafasa a tukunya, ana jiran in ce a zuba. In aka zuba, rabin awa ta isa a gama da irin Inna har abada. In na hana, na zama dattijon da ya sa yara aikin wata huɗu ya yi musu ƙarya.

Na sa suka zauna. Na gaya musu komai, tun daga tukunyar ƙarƙashin gado. Na ce irin ba nawa ba ne, na matata ne, ita ma na mahaifiyarta ne, kuma na ɗauka ba da izini ba. Na ce ganyen mazan ba laifinsu ba ne, sun yi duk abin da na ce, ni ne ban sani ba, kuma waɗanda suka ƙi jin maganata su suka cece ni. Ban taɓa tsayawa gaban manoma na faɗi irin wannan ba, sai ga shi na faɗa wa 'yan shekara goma sha ɗaya. Sulle ya ɗaga hannu ya tambaya ko za ki doke ni in kin dawo. Na ce ban sani ba tukuna.

Zaituna ce ta raba gardamar. Ta ce ai a gidansu ba a dafa wadda ta ƙosa, shanya ta ake yi, ɗanyar da ba za ta yi iri ba ita ake dafawa, kuma ta fi zaƙi. Ta ɗauki guda biyu ta nuna yadda ake ganewa, mai tauri mai jijiya a ɓawo gefe guda, mai laushi da farce ke shiga gefe guda. Na ce ta zo gaba ta koyar, ni na koma cikin yara na zauna. Aka yi layi ana tsincewa, maza da mata, ana musu a kan kowace ƙwaya. Na rubuta musu a allo daga baya cewa manomi yana fitar da iri kafin ya ci, amma sun riga allon sani.

Ɗanyar da aka tara, da ta mazan, aka ƙirga aka raba. Kowa ya tashi da bakwai. Bakwai fa, bayan na ce har a ture. Allah Ya kawo Hammawa, wanda ya daɗe yana zagaya ganyen nan da ido. Ya ce a ba shi harawar, shi kuma ya aiko da nono ƙwarya uku, matarsa ta haɗo da fura. Aka ce wa mazan to ga amfanin gonarku nan, shanu kuka noma wa. Sulle ya ce ashe Ofis bai faɗi ba. Aka sha, aka ci bakwai bakwai ana lasar yatsa, wasu suka ƙulle biyu za su kai wa iyayensu mata.

Wadda ta ƙosa tana shanye a kan rufin ɗakinki. A ƙiyasina in an ɓare za ta yi kwano biyu. Uku na ɗauka. Kina bi na kwano ɗaya, kuma ba ni da inda zan samo shi.

Akwai wata magana. 'Yan matan sun roƙi a ba kowace tafi ɗaya ta kai gida ta shuka baɗi. A raina na ga dacewar haka, don abin da ya zauna a tukunya ɗaya tsoho ɗaya ya isa ya hallaka shi. Amma na ce musu ba nawa ba ne, sai na tambayi mai shi.

Ni ma rabona bakwai ne kamar kowa. Na cire nawa kafin a zuba a tukunya. Ga su nan a ƙullin da Gwadabe zai ba ki, ɗanyu ne, ki dafa yau kada su kwana. Ki ba Goggo ta ɗanɗana, ita za ta faɗa mana ko ta Inna ce har yanzu.

Ki gaishe da mutanen gida duka.

Naki,
Abdulsalami.


Kafin Dafga,
18 ga Nuwamba, 1989.

Zuwa ga Safara'u,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso jiya, ta farko a wata biyar. Na karanta ta sau uku, na huɗu Ɗayyabu ya ce in ajiye kada ta yage. Ruƙayyatu, na gode da rubutu, kuma na lura inda babarki ta ce tsohon banza kin rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Na ji Goggo ta ci huɗu, ta rufe ido, ta kira sunan Inna na yarinta wanda ni ban taɓa ji ba. Na ji kuma ke kin ci uku. Wannan ma ya ishe ni.

Na bi umarninki ɗaya bayan ɗaya. Ban ɓare gurjiyar ba. Ina juya ta safe da yamma, ina shigar da ita kafin raɓa. Ban taɓa toka ko laka ba, tunda kin ce wannan aikin hannunki ne in kin dawo ƙarshen wata. Na gaya wa 'yan matan cewa kin yarda, amma daga hannunki za su karɓa, farkon damina, a gayaunarki, kuma sai wadda ta zo ta yi shuka tare da ke ta ga yadda ake yi. Sun yi ta tsalle. Iya Mariya ta ce a gaya miki ita ma tana nan zuwa, ba don iri ba, don ta ga fuskata.

Ga sunayen da kika ce a rubuto miki a bayan takardar nan, kowace da sunan mahaifiyarta. Za ki ga sun wuce sha ɗaya. Maza uku ne suka nace sai an sa su, Sulle a gaba. Na ce musu ban sani ba ko kina ɗaukar maza, amma zan rubuta, ke ki yanke.

Mutum na sha biyar ɗin, wanda ke can ƙasa, ba shi da sunan mahaifiya a gefe, kuma ya girmi sauran da shekara hamsin da wani abu. Yana da fartanyarsa, yana zuwa da wuri, kuma an ce yanzu yana jin magana. In akwai wuri, a duba shi.

Ki gaishe da Goggo. Allah Ya kawo ki lafiya.

Naki,
Abdulsalami.